Tambaya da Amsa: Ina ciyar da tsuntsaye, ɓeraye sun cika mini gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina watsa wa tsuntsaye gero a tsakar gida, kurciyoyi da gwara suna sauka su ci, kuma ina ajiye musu ruwa a kasko, musamman da bazara. Yanzu ɓeraye sun yi yawa, har suna shiga ɗakin girki suna huda buhun shinkafa. Maƙwabciyata ta ce in sayi maganin ɓera in kwaɓa da kifi in ajiye a lungu, amma ina da kyanwa da kaji, ga kuma jikoki masu rarrafe. Shin in daina ciyar da tsuntsayen ne, ko in sa maganin? Daga wata Hajiya a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka da alheri kan wannan sadaka da kike yi wa tsuntsaye. Ba sai kin daina ba, amma ina roƙon ki kada ki kwaɓa guba da kifi a gidan da ke da kyanwa da yara, domin ƙamshin kifin zai kai kyanwar wurin kafin ɓeran ya isa.

Abin da ya tara miki ɓeraye shi ne tsabar da ke kwana a ƙasa. Kurciya da gwara da rana suke kiwo, ɓera kuwa sai dare ya yi yake fitowa, saboda haka duk geron da ya kai magariba a tsakar gida ya zama rabon ɓera. Ki riƙa zuba abincin da sassafe, gwargwadon abin da za su cinye kafin hantsi, kuma ki zuba shi a tire da aka ɗora kan sandar ƙarfe mai santsi, nesa da katanga da reshen bishiya. Kafin faɗuwar rana a share abin da ya zube, a zubar da ruwan kaskon a kife shi, da safe a wanke a sake sabo. Wannan wankin yana rage cututtukan da tsuntsaye ke ɗauka daga juna a wurin shan ruwa, yana kuma hana sauro yin ƙwai. Ki duba akurkin kajinki ma, don sau da yawa dusar da ke kwana a can ta fi geron tsuntsaye jawo ɓera. Yana da kyau tiren tsuntsayen ya yi nesa da kaji, saboda murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2006 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna.

Daga nan sai a koma cikin gida. Shinkafa da gari da wake su bar buhu su koma ganga ko bokiti mai murfi da ke rufuwa sosai. A bi bango a toshe ramuka da siminti, a sa raga ta ƙarfe a bakin kwata, a buga langa-langa a ƙasan ƙofar da ɓera ya gaigaya. Ƙaramin ɓera yana iya kurɗawa ta ramin da bai wuce milimita 6 ba, wato kaurin fensir, don haka kada a raina ƙaramar kafa.

Game da maganin kuwa, ya kamata ki san yadda yake aiki kafin ki yanke shawara. Mafi yawan wanda ake sayarwa a kwali, wanda za ki ga an rubuta brodifacoum ko bromadiolone a jikinsa, yana hana jini daskarewa ne ta hanyar toshe aikin bitamin K a hanta. Ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, sai ya yi kwanaki yana yawo a galabaice da gubar a jikinsa, kuma irin wannan ɓeran shi ne ya fi sauƙin kamu ga kyanwa da mujiya da shirwa. Ta haka gubar ke kaiwa ga dabbobin da ke taya ki rage ɓerayen. Alamun gubar a jikin dabbar da ta ci ba sa bayyana sai bayan kamar kwana 3 zuwa 5: kasala, dasashi ya yi fari, numfashi da ƙyar, wani lokaci jini a hanci ko a kashi. Wannan nau'in yana da makari, wato bitamin K1, wanda likitan dabbobi ke bayarwa na tsawon makonni, kuma ya fi amfani idan an fara da wuri. Ɗaya nau'in shi ne baƙin gari mai warin tafarnuwa, zinc phosphide, wanda ke rikiɗewa ya zama iska mai guba da zarar ya haɗu da ruwan ciki. Shi ba shi da makari, kuma aman dabbar da ta ci shi yana iya cutar da mutumin da ya shaƙa a rufaffen ɗaki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙulle-ƙullen da ake talla a kasuwa babu suna babu lambar NAFDAC, domin idan tsautsayi ya faɗa, likita ba zai san abin da yake yaƙi da shi ba.

Idan yaro ko dabba ta ci kowane iri, a garzaya asibiti da kwalin a hannu, ko da ba a ga wata alama ba. Manja da madara ba sa karya wannan guba, kuma ɗura ruwan gishiri don a sa amai yana da nasa haɗarin.

A gida irin naki tarkon ƙarfe ya fi dacewa, amma a sa shi cikin akwati mai ƙaramin rami a gefe, wanda ɓera zai shiga, hannun yaro da ƙafar kyanwa ba za su kai ba, a ɗora dutse a kan murfin. A jingina akwatin da bango inda ake ganin kashin ɓeraye, domin gefen bango suke bi. Manyan ɓeraye suna tsarguwa da sabon abu, saboda haka a sa ƙuli-ƙuli ko tunkuza na dare biyu ko uku ba tare da an ɗana ba, sai sun saba a ɗana. Tarkon danƙo ban ba ki shawarar sa ba, don yana kama tsuntsu da ƙadangare da ɗan kyanwa, kuma dabbar takan daɗe tana shan azaba. Idan wani ya maƙale, man gyaɗa yana sassauta danƙon.

Kada a taɓa mushen ɓera da hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera, kuma ya fi tsananta da rani. A sa safar hannu ko leda, a jiƙa mushen da kashin da ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic cikin kashi tara na ruwa, kafin a kwashe, domin sharar busasshen kashi tana tayar da ƙurar da ake shaƙa. A binne shi da zurfi inda kare ko kaza ba za su tono ba, sannan a wanke hannu da sabulu.