Ruwan batir zai iya maye gurbin ferik kulorayid wajen haɗa fanel?

Tambaya: Injiniya, ina haɗa fanel (allon da ake jera kayan lantarki a kai, mai layukan jan ƙarfe) na aikin kammala karatu. Na goga zanen a kan jan ƙarfe da dutsen guga, amma layukan suna ɓantarewa, ferik kulorayid kuma, ruwan sinadarin da ake tsoma fanel a ciki, sai ya yi awa guda bai gama cinye jan ƙarfen da zanen bai rufe ba. Wani mai gyaran rediyo ya ce in haɗa ruwan batir da Hypo (bilicin wanki), nan take zai gama. Saura mako biyu in miƙa aikin, hankalina a tashe yake.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Ɓantarewar layi galibi maiƙon yatsa ne ko ƙarancin zafi. Goge jan ƙarfen da soson ƙarfe har ya yi ƙyalli, ka share da asiton (sinadarin goge jan farce), kada ka ƙara taɓa shi. Buga zanen a juye da firintar leza a kan takarda mai sheƙi, ka danne da dutsen guga na lantarki kamar minti 5, musamman gefuna. Na gawayi zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jiƙa a ruwa, ka murje takardar da babban yatsa a hankali.

Batun mai rediyo kuwa, na gaji da jin wannan magana. Ruwan batir shi kaɗai ba ya cin jan ƙarfe, ko kwana zai yi a ciki. Idan kuma ka zuba masa Hypo, iskar kulorin ce za ta tashi, wadda aka yi yaƙi da ita a Beljiyam a 1915. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta ƙasa, daidai inda kake tsugune kana leƙa roba, ga ƙannenka suna wasa a tsakar ɗaki. Da tari da hawaye take farawa, daga baya huhu ya cika da ruwa, wani lokaci bayan sa'o'i, mutum yana ganin ya tsira. Wanda ya ba ka shawarar ba shi zai kwana da kai a asibiti ba. Mutum ya iya like waya da dalma, shi ke nan ya zama masanin sinadarai!

Ferik ɗinka sanyi ne ya kama shi, ko ya tsufa. Sa robarsa cikin wata mai ruwan ɗumi, kamar digiri 40, ka riƙa jijjigawa. Sabo ba ya wuce minti 20. Kada ka ɗora shi a tukunyar alminiyam, cinye ta zai yi. Sa safar hannu da tabarau, ka yi aikin a waje. Ragowar ka adana a jarka mai murfi da rubutu a jiki, ba a kwalbar lemo ba, ba a kwata ba.