Ɗan aike ne, ba mutum-mutumi ba

Tambaya: Malam, na rubuta 'yar manhaja mai tura tambayoyi ga Google da kanta, ta kwaso amsoshi ta jera mini. Abokaina suna ce mata mutum-mutumi. Daidai ne?

Amsa: A'a, kuma kalmar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum-mutumi sura ce: abin da aka sassaƙa, ko aka kafa a gona don korar tsuntsaye. Yana da kamannin mutum, amma ko yatsa ba ya ɗagawa. Taka kuwa ba ta da jiki, sai aiki. Masu fassarar gaggawa ne suka ga "robot" suka liƙa masa wannan suna, har ta kai shafi yana sa ka danna akwati ka shaida cewa kai ba mutum-mutumi ba ne. To da wa ya ce a gona aka kafa ni? Kalmar "robot" ma daga "robota" ta fito, wato aikin tilas a harshen Cek, kuma wani wasan kwaikwayo na 1920 ne ya yaɗa ta. Ka ga masu ita aikin suka duba. Ni ɗan aike nake cewa: ka ba shi jerin kalmomi, ya je ya tambayo, ya dawo maka da abin da aka ce.

Tambaya: Abin da take yi nema ne ko bincike?

Amsa: Nema. Bincike sai ka zauna ka tantance abin da ta kwaso.

Tambaya: An ce matambayi ba ya ɓata, ga shi ɗan aikena ya yi ta tambaya har aka toshe shi.

Amsa: Matambayin karin maganar sallama yake yi, ya tambayi hanya sau ɗaya, ya yi godiya ya wuce. Wanda ya jero tambaya ɗari cikin minti guda sunansa mai naci. Shi ya sa ake mayar masa da lamba 429, ma'ana buƙatunsa sun yi yawa, ko a ce ya zaɓi hotunan motoci don ya nuna shi ɗan Adam ne. Ka sa shi ya riƙa dakatawa tsakanin tambaya da tambaya, ko ya bi ƙofar da ake tanadar wa manhajoji, wadda ake kira API, inda ake ba da mabuɗi da adadin da ba a wucewa.

Tambaya: Mene ne jam'in manhaja?

Amsa: Manhajoji. Haba!