Ga ƙanenmu mai shirin komawa Choshi da iyalinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, kai da ka rubuto jiya da daddare cewa wani kamfanin kifi a Choshi, garin masunta da ke bakin teku a lardin Chiba na Japan, ya ba ka aiki har da gida, kana tambaya ko ka kwashi maiɗakinka da 'yarku ku bar Tokyo, da kuma yadda yanayin garin da tsadarsa suke: wallahi da na karanta sai da na kife wayar na yi shiru. Na ga wasu sun ce maka garin kifi ne, ka je ka ci arziki. Allah sarki. Ni shekara 5 na yi a garin nan, daga Afrilun 2018 zuwa 2023, kuma irin tambayarka na so in yi a lokacin, ban sami wanda zan yi wa ba.

Wannan “har da gida” ɗin shi ya tsaya min a rai, domin da shi aka kamo ni. Wani namu ne ya haɗa ni da aikin. Ba zan kama suna ba, in yana cikin nan ya san kansa. Ya ce min aikin ofis ne, zan riƙa magana da masu sayen saba, wato kifin makarel, daga Najeriya da Gana da Masar, tunda ana daskarar da ita a loda a kwantena zuwa can. Batun kwantenar gaskiya ne, da hannuna na loda su. Ofis ɗin ne romon baka. Ranar farko aka miƙo min takalmin roba mai dogon wuya da wata jibgegiyar riga, aka nuna min ƙofar ɗakin ƙanƙara, digiri 25 ƙasa da sifiri. A shekara 5 ɗin nan, kiran wayar da na amsa da Turanci bai cika yatsun hannuna ba. Bawan Allahn nan ya karɓi yen 150,000 a hannuna, wai kuɗin ɗawainiya. Ya zaunar da ni gaban takarda shafi huɗu da kanji zalla, wato rubutun Japanawa, yana nuna min da yatsa, buga hanko nan, buga nan. Hanko shi ne hatimin suna da ke zaman sa hannu. Na buga. Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya ranar Sallah, wa zai ce masa tsaya in karanta? Sai da albashin farko ya fito na ga ana zare kuɗin gidan da aka ce kyauta ne, kuma ranar da ka bar aikin, ranar za ka fara neman inda za ka kwana. Na kira shi, ya ce in yi haƙuri, haka Japan take. Haƙuri! Har yau in na ji kalmar nan a bakin mai haɗa mutane da aiki sai gabana ya faɗi.

To ka tambaye su tun yanzu: gekkyu ne, wato albashin wata, ko jikyu, na awa? In na awa ne, ka sani teku ce za ta riƙa yanka maka albashi. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, in saba ta shigo, za ka yi zangyo, wato ƙarin awannin aiki, har ka manta kamannin 'yarka, kuɗi kuma su shigo. Ranar da teku ta yi fushi jirage ba su fita ba, ƙarfe uku hancho, shugaban rukunin ma'aikata, zai ce a wanke ƙasa kowa ya tafi gida. A ƙarshen 2019 mafi ƙarancin albashin lardin Chiba yen 923 ne a awa, kuma ɗan abin da ke samansa kaɗan nake karɓa. A Oktoban 2024 ya kai 1,076, amma ka san yadda shinkafa ta tashi. Kada kuma ka ruɗu da sunan garin. Gaskiya ne daga 2011 zuwa 2022, shekara 12 a jere, babu tashar jiragen ruwan da ta kai Choshi yawan kifin da ake saukewa a duk Japan, saboda a gabanta ruwan Kuroshio mai ɗumi yake haɗuwa da Oyashio mai sanyi. Amma a 2023 Kushiro ta Hokkaido ta ƙwace kambun. Sabar ta ragu ƙwarai, sanma kuwa, wata irin kifi ce doguwa siririya, tsofaffin wurin aikinmu labarinta kawai suke bayarwa. Shekarata ta ƙarshe iwashi, wato sardin, ita ce ta riƙe mu.

Yanayi kuma, masu cewa ya fi Tokyo sauƙi ba su yi ƙarya ba, rabin magana suka faɗa. Da bazara ya fi Tokyo sanyi-sanyi, da hunturu da wuya ka ga ƙanƙara ta kwanta. Amma iska, ƙanena. Garin wani tsini ne da ya kutsa cikin teku, ruwa ta gabas, ruwa ta kudu, kogin Tone ta arewa. Iskar Janairu a bakin tasha ƙarfe biyar na asuba ta sa na daina yi wa hunturun Kano kirari. Ba banza aka jera injinan wutar iska a kan tudun gonakin kabeji ba. Gishirin da ke cikinta ya cinye min keke biyu da tsatsa. Yuni da Yuli kuma ga hazon teku ga laima, babbar rigata ta shadda da na ajiye a oshiire, wato kabad ɗin cikin bango, na fito da ita ta yi funfuna kamar tsohon burodi. Ka sayi na'urar tsotse laima kafin ka sayi talabijin.

Abin da ban taɓa ba wa kowa labarinsa a nan ba shi ne daren taifu, wato mahaukaciyar guguwar teku, mai lamba 15, wayewar Litinin 9 ga Satumban 2019. Maiɗakina na da ciki wata bakwai. Gidan da aka ba mu tsohon gidan katako ne, tun tsakar dare yake kuka kamar ana girgiza akurki. Muna jin kawara, wato tayil ɗin rufi, na tashi daga sama suna fashewa a titi. Wuta ta ɗauke, ruwa ya fara zuba ta silin daidai kan shimfiɗarmu. Na ja ta zuwa lungun banɗaki, nan muka zauna da tocilan waya, tana riƙe da mara tana cewa cikinta na ɗaurewa, ni kuma ba mota, ba Japananci mai kauri, addu'a kawai nake ja ina maimaitawa. Na kira bawan Allahn nan da ya haɗa ni da aikin sau tara. Sau tara, na ƙirga. Bai ɗauka ba. Da gari ya waye saƙon da ya fara shigo min na hancho ne, wai in hanzarta, kifi zai narke. Ba wanda ya ce yaya matarka. Na je fa, don tsoron biza, na bar ta cikin zafin da ya biyo bayan guguwar, ba fanka ba firji. Sama da gidaje 600,000 ne suka rasa wuta a lardin Chiba, wasu har mako biyu, namu dai bai kai haka ba. Wannan tafiyar da na yi na bar ta, har gobe ban yafe wa kaina ba. Bawan Allahn nan kuma sai bayan kwana huɗu ya bugo, yana dariya, wai ashe kun sha iska. Na ce masa Allah ya isa, na kashe wayar. Rufin kuwa tamfol shuɗi aka shimfiɗa masa, da shi muka tari guguwa ta biyu a watan Oktoba, mai lamba 19, wadda ta cika kogin Tone har ruwa ya shiga unguwannin bakinsa.

Ka san wa ya duba maiɗakina ranar da na tafi na bar ta? Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ta haura 80, wadda da nake ganin ba ta son mu saboda ta taɓa dawo min da jakar shara har ƙofa, wai na haɗa gwangwani da abin ƙonawa. Ita ta kawo ruwa da rediyo mai batir, ta zauna tana yi mata fifita, ta sa jikan wata ƙawarta ya kai ta asibiti. Da muka haihu a Nuwamba ita ta fara ɗaukar yaron. Don haka ba zan zagi mutanen Choshi ba. Tsofaffi ne kawai, kuma garin na ƙarewa a hankali: a 1965 sun haura 90,000, a ƙidayar 2020 kimanin 58,000 suka rage. Layinmu gida uku ba kowa, an rufe tagogi. Matasa sun tafi Tokyo, wasu sun tsallaka gada zuwa Kamisu ta Ibaraki, inda harajin masana'antun Kashima ya sa hukumar garin ta fi ƙarfi. Kai, in kamfanin zai yarda ka kama hayarka da kanka, ka duba can ɗin ma. Haya a yankin ba ta kama ƙafar ta Tokyo ba, matsalar hoshonin, wato wanda zai tsaya maka, ita ce kawai, kamar ko'ina.

Maganar haihuwa ta tuna min, mu yen 420,000 aka ba mu na tallafin haihuwa, tun Afrilun 2023 ya koma 500,000. Kuma ka ajiye kuɗin juminzei, wato harajin mazauna gari, na albashin bara ake lissafa maka, zai same ka a Yuni ko kifi ya zo ko bai zo ba.

Mota dole ce. Ko 'yar ƙarama mai lamba ruwan ɗorawa. Ka gama da lasisinka tun kana Tokyo, don daga Choshi zuwa Makuhari, inda ofishin lasisin tuƙi yake, yini guda ne. Jirgin ƙasa na Shiosai kusan awa 2 yake yi zuwa Tokyo, kuma ba kuɗin da za ka riƙa kashewa duk mako ba ne. Akwai ɗan jirgin cikin gari mai kilomita 6.4 zuwa Tokawa, wanda kamfaninsa ya fi samun kuɗi da sayar da nure-senbei, wani biskit ɗin shinkafa mai laushi, a kan tikiti, har a 2006 suka roƙi jama'a su saya don a sami kuɗin duba lafiyar taragu. Yarana suna sonsa, amma ba zai kai ka asibiti da daddare ba.

Abinci, kifi kam sai ka ture, a nan ba ka da kuka. Nama ne aiki, mu kajin Brazil masu tambarin halal muke jibgewa a firiza. Garin shoyu ne, wato ruwan ɗanɗano na waken soya, kamfanonin Yamasa da Higeta duk a nan suke tun shekarun 1600, wasu ranaku har ƙamshin za ka ji a iska, amma ka riƙa juya kwalba kana duba ko an ƙara arukoru, wato sinadarin giya. Juma'a da yaran Indunusiya masu aikin jirage muke haɗuwa in hali ya yi, yara masu ladabi, Allah ya saka musu. Kuma da yake gabas ce can ƙurya, a watan Yuni wajen 2:30 alfijir ya keto, 4:20 rana ta fito. A Disamba kafin 4:30 an yi magariba, kana cikin ɗakin ƙanƙara ba ka ma sani ba. Wani abin da ke hana ni barci a can shi ne in na mutu wa zai tsaya kada a ƙona ni, a ƙasar da fiye da kashi 99 ƙonawa ake yi. 

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan kaɗaicin mace. Kai kana da wurin aiki, ko faɗa ne za ka yi da wani. Ita fa? Maiɗakina ta yi wata shida ba ta yi Hausa da kowa ido da ido ba sai ni. Wata rana na dawo na same ta a tsaye bakin taga tana kallon hasken fitilar Inubosaki mai yi wa jiragen ruwa jagora, abinci na ƙonewa ba ta ji ba. Ranar na fara neman hanyar barin garin, sai da ya ɗauke ni shekara uku.

Ban ce kada ka je ba. Ka je kai kaɗai tukuna, ka yi hunturu ɗaya, ka ga albashin watan da jirage ba su fita ba. In ka je ganin gidan ka buɗe oshiire ka shinshina, ka ɗaga kai ka dubi silin. Ka biya shiyakusho, wato ofishin hukumar gari, ka karɓi taswirar tsunami ka nemo layinku a ciki, don a 2011 ruwan ya kashe mutane a Iioka, nan maƙwabta. Kuma don Allah kada ka buga hanko. Ka ɗauki hoton takardar shafi-shafi ka turo min ta akwati, musamman wurin da aka rubuta gida da abin da za a zare. In na taso daga yadin motoci bayan isha'i zan zauna in duba maka. Ka gaida maman yarinya.