Ƙazamin ruwan Yamai da bakin teku: me ya haɗa su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Yamai. Na ji a rediyo ana cewa tace ƙazamin ruwan birane yana kare gaɓar teku. To mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da wannan magana?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Da ruwanmu, amma ba ta inda aka fi zato ba.

Kogin Isa, wato Neja, da ya ratsa Yamai yana da tsawon kusan kilomita 4,200. Daga tsaunukan Gine ya faro, ya bi ta Mali, ya wuce mu zuwa Gaya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya zube a Tekun Atlantika. Duk abin da kwarin Gunti Yena ya kwaso daga unguwanni, ruwan wanki ne, na salga ne ko leda, wannan hanyar yake kamawa. Ƙasashe 9 ne ke cikin hukumar kula da kogin, ABN, wadda aka kafa a 1980, kuma hedkwatarta a nan Yamai take.

Sai dai kada a cika baki. Tsakaninmu da teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, ga madatsun Kainji da Jebba a hanya. Rana da daɗewar tafiya suna kashe yawancin ƙwayoyin cuta, laka kuma ta kwanta. Abin da ke jure tafiya shi ne leda da robobi, da wani kaso na sinadaran naitirojin da fosfaras da ke cikin fitsari da bayan gida da sabulu. Waɗannan taki ne. In sun yi yawa a ruwa sai gansakuka ta yi ta tofo, in ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar oksijin, kifi ya gudu ko ya mutu. Biranen da ke kan gaɓa su ne ke ganin abin tsirara: gaɓar Hann a Dakar, wadda a da ake yabon farin yashinta, ruwan gidaje da na masana'antu ya lalata ta.

Mu kam, kafin masuncin bakin teku ya ji a jikinsa, na Saga da Kollo da Say, da ke bakin kogi ƙasa da mu, sun riga sun ji. A watan Mayu, lokacin da kogi ya ja baya, babu isasshen ruwan da zai sirka ƙazanta. Ki leƙa lambunan bakin Gunti Yena, za ki ga mai lambu tsaye cikin baƙin ruwa har idon sawu yana cika bokiti, yana bai wa salatin da gobe za a ci ɗanye.

Maganin ba lallai sai injina masu shan lantarki ba, kuma a ganina ba su ne suka dace da mu ba. Yawancin gidajenmu salga gare su, ba bututu ba, don haka aikin farko shi ne motar yasar salga ta samu wurin juyewa na ƙa'ida, inda za a shanya dagwalon ya bushe, maimakon bayan gari ko kwazazzabo. Ruwan kuma a bi da shi ta tafkuna jere. Na farko mai zurfi ne, nan dauɗa ke kwanciya ta ruɓe. Na biyu ba shi da zurfi, gansakuka ke samar da oksijin, ƙananan halittu su cinye saura. A na ƙarshe rana ke gamawa da ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki kuwa ya riga ya nutse. Makonni kaɗan ake buƙata, da fili, da zafi, wanda ba mu rasa ba. Ruwan da ya fito yana ɗauke da takinsa, in an auna shi ya cika sharaɗi sai a juya shi gona, kada ya kai kogi ma.

Inda ake faɗuwa shi ne kula: tafkin da aka bari laka ta cika shi, ciyawa ta rufe bakinsa, ya koma gidan sauro. Kuɗin yasa da albashin mai gadi su ya kamata a fara tambayar ma'aikatar magajin gari a kansu tun kafin a aza tubali.