Amsa ga 'yar uwar da kiyashi ya addaba a kicin

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce kiyashi ya cika miki kicin, yana cikin suga yana cikin gwangwanin madarar yaro, kin fesa maganin sauro sun mutu amma ba a jima ba suka dawo har sun fi na da, kuma wasu na ce miki ki nemi fiya-fiya. Dan Allah kafin komai ki ajiye maganar fiya-fiyar nan, tunda kin ce kina da mai rarrafe. Guba ce mai ƙarfi wlh, dangin su Sniper ne, shi kuwa Sniper tun 2019 NAFDAC ta hana a riƙa saida shi a kantuna da kasuwanni barkatai, na gona ne. Yaron da komai ya tsinta sai baki, ba a zuba mishi wannan a ƙasan da yake yawo. Haka allin nan na kashe kwari da ake ja a jikin bango, yara na ɗauka allin rubutu ne, ni bana barin shi a gidana.

Abinda na fahimta a shekarun da na yi ina fama da su a gidan haya mai tsohon siminti shi ne, wadanda kike gani a layi ma'aikata ne kawai, 'yan ɗauko abinci. Uwar tana can cikin rami ko cikin tsagewar bango ko ƙarƙashin tayil tana ta ƙwai abinta, ko kin kashe na waje kaf bata san anyi ba. Kuma wannan ƙananan jajayen masu kalar ruwan zuma suna da wani hali, gidansu ɗaya iyaye mata da yawa ne a ciki, in aka matsa musu da feshi sai su rabu, kowace uwa ta kwashi nata su buɗe sabon gida a wani lungu. Shi yasa kika ga bayan feshin kamar ƙaruwa suka yi, da a kicin kaɗai suke yanzu sai ki gansu har bayi da uwar ɗaka.

To ga yadda nake yi. In na ga layinsu bana taɓa su tukun, sai na durƙusa na bi layin da ido har inda suke shigewa. Ki gwada da safe kafin a yi shara, za ki sha mamaki, sau da yawa ƙofar 'yar mitsitsiya ce kamar kan allura, a gefen soket ko inda famfon sink ya ratsa bango ko ƙasan firam ɗin taga. Nawa na ƙarshe a bayan kabad na same su, wajen da siminti ya ɗan fashe, ga 'yar ƙasa mai laushi sun turo waje ta taru a bakin ramin. In kin ga irin wannan ƙasar to kin zo gida.

Daga nan sai a haɗa musu abinci mai magani wanda zasu ɗauka da kansu su kai ciki, dan su in sun sha komawa suke su ba 'yan uwansu baki da baki har ya kai ga uwar. Borik asid ake nema, farin gari ne, ana samu wajen masu saida sinadaran haɗa sabulu da wasu kemis. Kofi ɗaya na ruwan ɗumi, suga ƙaramin cokali 9, borik asid rabin ƙaramin cokali, a juya ya narke. Kar ki ce bari in ƙara dan ya fi aiki, in yayi yawa a hanya zasu mutu ko ma su ƙi sha, so ake ya yi aiki a hankali. Ki jiƙa auduga da shi ki sa a 'yar roba mai murfi, ki huda murfin da allura mai ɗan kauri yadda su kaɗai zasu iya shiga, ki tura ta bayan kabad kusa da ramin inda hannun yaro ba zai kai ba, sauran kuma ki rubuta a jikin kwalbar ki ɗora can sama. Shi ma ba abin sha bane, kar a ce na ce ba shi da illa. In kin ga basu kula ruwan sugan ba to masu son maiƙo ne, ki kwaɓa ɗan kaɗan da tunkuza ko dakakken ƙuli-ƙuli.

Nan ne wajen da yawancin mu haƙuri ke ƙarewa, dan kwanakin farko taruwa zasu yi a jikin robar har tsigar jikinki ta tashi, hannunki na ta ƙaiƙayin ɗauko feshi. Ki daure ki ƙyale su. Yana iya ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu, wani lokacin fiye, ki riƙa sake audugar in ta bushe, za ki ga layin na sirancewa har ki neme shi ki rasa. Sai a lokacin za ki toshe ramin da siminti ko fila, ki goge duk hanyar da suke bi da ruwan omo ko ruwan khal, saboda wani ƙamshi suke bari a ƙasa wanda mu bama ji, shi na baya ke bi.

Amma fa duk wannan ba zai ci ba in akwai abincin da ya fi naki daɗi a fili. Suga da zuma da madara su koma roba mai murfin da ke kamawa sosai, ledar da aka ƙulle ba ta hana su. Gwangwanin madarar yaron ki ɗora shi a tsakiyar faranti mai ruwa, ba sa iya tsallakawa, haka iyayenmu ke yi da ƙafar kabad ɗin abinci a cikin gwangwani. Ki duba gindin jarkar man gyaɗa, wannan ɗan maiƙon da ke gangarowa ya ishe su biki. Kwanukan dare kar su kwana, fidar yaro a wanke ta da an gama, kuma in ya sha nono ko ya yi tumbuɗi a goge mishi baki da wuya kafin a kwantar da shi, dan suna bin ƙamshin har kan katifa, wannan ya fi damuna a kan sugan ma. Ruwa ma suna nema musamman lokacin zafi wajen Maris da Afrilu, in famfo na ɗiga a gyara, da damina kuma ruwa ne ke cika musu rami su gudo cikin ɗaki.

Kanumfari a cikin suga da toka a bakin ƙofa da wasu suka ambata suna ɗan kore su daga wajen, ina sa kanumfarin ni ma, sai dai hanya kawai suke canzawa.

Na ga kuma wata ta kawo hadisin da ya hana kashe tururuwa, gaskiya ne ya zo daga Ibn Abbas, amma malamai sun yi bayanin cewa in suna cutarwa ya halatta a kawar da su, abinda aka ce a guje shi ne ƙona su da wuta, dan haka masu zuba kalanzir a rami su kyasta ashana su daina, ga haɗarin gobara ma a kicin mai gas.

In kuma kin duba kin ga ba kiyashi bane, kin ga hanyar ƙasa ta hau bango ko katakon ƙofa ya zama holoƙo, to gara ce, ita ruwan suga ba ya mata komai, ki gaya wa maigida a kira masu feshi tun bata kai silin ba. Allah ya raya mana yaron.