Tsohuwar Motar Lantarki da ta Fetur: Wacce Ake Kai wa 'Yan Gwangwan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina da motoci biyu da suka gaji. Akwai Corolla ƙirar 2005 da injinta ya buga, sai Nissan Leaf ƙirar 2012 da na saya tokumbo bayan cire tallafin mai a 2023. Yanzu da ƙyar take kai ni Obalende ta dawo da ni. Wani mai gwangwan ya taya su duka biyun a dunƙule. In sallama masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sallama a dunƙule, domin kuɗin kowacce ba a wuri ɗaya yake kwance ba.

Corolla ba ta da wahalar sha'ani. Legas cike take da 'yan'uwanta, saboda haka giyabos, lagireto, ƙofofi, fitilu, har madubin gefe, kowanne yana da mai nema a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo. Injin da ya buga ma ba a rasa abin cira a jikinsa. Ka kuma duba salansa, ko tukunyar tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi tana nan. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, shi ya sa ake yawan sace ta a gareji. A yi cinikinta daban. Sauran bodi sai a ɗora a sikeli.

Leaf kuwa ba ta da salansa balle indomi, ba ta da injin fetur, kuma masu neman kayanta a nan ba su da yawa, don haka ƙofarta na iya daɗewa a shago ba wanda ya taya. Injinta na lantarki da wayoyinta suna da jan ƙarfe, wannan kuɗi ne. Amma kusan duk darajarta tana ƙarƙashin kujeru, a batir. Na wannan ƙirar yana ɗaukar 24 kWh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) yana sabo, nauyinsa ya kusa kilo 300, kuma an haɗa shi ne da ƙananan fakiti 48. Matsalarsa ita ce ba a yi masa na'urar sanyaya ta ruwa ba, kuma zafi ne ke tsufar da shi. Mota irin wannan a rana da cunkoson Legas ba za ta yi ƙarko kamar a Turai ba.

Kafin kowane ciniki, ka kunna ta ka dubi allon gaban direba. A can gefen dama akwai 'yan gajerun sanduna masu nuna lafiyar batir, 12 ne idan yana sabo. Idan saura 8, kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa yana nan, wato wajen 15 kWh. Batirin imbata mai 200Ah da 12V yana ɗaukar 2.4 kWh ne a rubuce, ka ga abin da ya kasa jan mota ya kai irin waɗancan guda shida. A garin da ake kwana da ƙarar janareta, wannan ba kayan awo a kilo ba ne. Masu haɗa sola su ne masu sayenka na gaskiya. Ka sa a jona mata na'urar gwaji, akwai manhajar LeafSpy da ke nuna lafiyar kowane ɗan batir, ka riƙe sakamakon a hannu lokacin ciniki. In kuma sandunan sun yi ƙasa sosai, ko gwajin ya nuna wasu sun mutu, to farashi zai faɗi, kada ka ja da yawa.

Ko wacce ka sayar, ka cire lambarta, ku rubuta takardar ciniki da lambar shasi da shaidu. Motar da ka ɗauka an yanka tana iya komawa kan titi da sunanka.

Tambaya: Ina sana'ar gwangwan a wajen Owode Onirin. An kawo mini tallar wata motar lantarki da ambaliya ta shanye a Lekki, da arha sosai. Yarana sun ce mu saya mu yanka kamar kowace mota.

Amsa: Ɗan'uwa, arhar nan ita ce abin tsoro. Motar fetur kun san hanyarta: a zuƙe mai, a cire batir, a sa wuta a yanka. Wannan kuwa batirinta yana da ƙarfin da ya kai 350V zuwa 400V, kuma kashe mota ba ya fitar da wutar da ke cikinsa. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo, ta babbar wuta ce, tana kisa nan take. Kada yaro ya kusance ta da almakashi ko injin yanka, kada kuma a ɗaga motar da ƙugiya ta ƙasa.

Ruwa ya ƙara dagula lamarin, musamman mai gishiri. Batirin litiyam da ruwa ya shiga yana iya yin shiru kwanaki, sannan ya kama da wuta shi kaɗai. Wutarsa ba ta jin ƙaramin abin kashe gobara, hayaƙinta guba ne, kuma ana kashe ta ta sake tashi. Ka tuna yadda rumfunanku suke manne da juna, ga tayoyi ga tukwanen gas. Sannan batirin mota na darma yana da kasuwa tsayayya, har akwai masana'antun da ke narka shi, amma jiƙaƙƙen na litiyam ba mai sola da zai karɓa, masu sarrafa shi kuma ba su yawaita a ƙasar nan ba. Kana iya biyan kuɗi ka sayi abin da za ka rasa inda za ka kai.

A ganina ka bar ta. In kuwa ka nace, sai da sharaɗin ƙwararren mai gyaran motocin lantarki ya cire batirin kafin ta shigo filinka, ka taya bodi da jan ƙarfe kawai.

Tambaya: Ni mace ce a Idi-Araba. Prius ɗin maigidana marigayi ta shekara a ajiye, ta ƙi tashi sam. An ce batirinta ya mutu, sai dai a yanka.

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Hajiya. Kada ki yi gaggawa. Prius tana da batir biyu, babba da kuma ƙarami mai 12V, kuma idan ƙaramin ya mutu ko allo ba zai kawo wuta ba. Shekara guda a ajiye ta isa ta kashe shi. A fara canza wannan a gani. Ko da babban ne ya lalace, ana samun nasa tokumbo, ga shi tana da injin fetur da indomi masu daraja. In kuma motar tana cikin gado, a yi mata kuɗi a gaban magada kafin a taɓa ko da taya.