Amsoshin Tambayoyinku: Mujallar masu shiga kogo, a takarda ko a waya?

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiya a nan Bauchi, mu arba'in ne, masu sha'awar hawan duwatsu da shiga kogwanni. Duk wata muna fitar da 'yar mujalla mai shafi 8, mu rubuta labarin inda muka je. Yanzu kuɗin fotokwafi ya fi ƙarfinmu. Matasa sun ce a koma WhatsApp, dattawa sun ce su takarda suka sani. Ina mafita?

Amsa: Malam sakatare, fara da lissafi kafin gardama. Shafi 8 gaba da baya falle 4 ke nan. Sau mutum 40, falle 160 a wata, a shekara 1,920. Rim ɗaya falle 500 ne, ka ga kusan rim huɗu kuke ci, ba a sa kuɗin bugu ba, ba a sa na man janareton mai shago ba, wanda kai ma ka san a kanka yake fanshewa duk ranar da babu wuta. Ka san abin da ake sayar da rim yau a Wunti, ba sai na gaya maka ba.

Don haka ta wata-wata ku mayar da ita waya. Ku haɗa ta a PDF, ku rage nauyin hotunan don kada ta cinye wa ɗalibai data, ku tura. Dattawan da suka ce takarda suke so, ƙirga su. Na tabbata ba su kai goma ba. Buga musu baƙi da fari, ka kai musu har gida, don su ne ke biyan kuɗin wata ba tare da an bi su ba, kuma ba a yi wa irinsu rowar falle huɗu.

Amma kada ku saki takarda gaba ɗaya. Waya ana sace ta a tasha, tana faɗawa ruwa, ana sauya ta a manta da abin da ke ciki. Abin da kuke rubutawa kuma ba hira ba ce. Wanda ya shiga kogwannin Marshall a Yankari, waɗanda aka sassaƙa su 59 a jikin dutsen yashi, ya auna faɗin baki da zurfin ciki ya rubuta, ko wanda ya ɗauki hoton zanen dutse na Geji a Toro ko na Shira kafin wani ya zo ya rubuta sunansa a kai da gawayi, ya ajiye abin da za a nema nan da shekara ashirin. Sau ɗaya a shekara ku tattara fitowa goma sha biyun, ku buga kwafi biyar a takarda mai kauri, a ɗinke da bango. Ku tabbata inji mai garin tawada, wato tona, ne ya buga, don na tawadar ruwa ɗigo ɗaya na damina ya ishe shi ya dame shafi. Ku raba su gidaje daban-daban, a akwatin ƙarfe, a ɗaga daga ƙasa saboda gara.

Gargaɗi ɗaya, kuma ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Abin da ka tura a waya, kafin la'asar ya kai hannun wanda ba ka sani ba. Kada ku sa ranar tafiya, ko hanyar da za ku bi, ko inda za ku kwana a cikin mujalla. Kun san halin da wasu dazuzzukanmu ke ciki. Labarin tafiya a rubuta shi bayan an dawo. Takamaiman wurin da kogo yake kuma ya zauna a littafin sakatare kaɗai.

Tambaya: Ni ina ganin mu buga mai kala, takarda mai sheƙi, da hotunan shugabanni a bango, don a san da mu. Ya ka gani?

Amsa: A san da ku a yi muku me? Ku ƙungiyar shiga kogo ce ko kwamitin kalandar biki? Ƙungiyar da mutum uku ke karɓa-karɓar hular kwano ɗaya ba ta da kuɗin sheƙi. Ku sayi huluna.

Tambaya: Ni ce ma'ajiyar ƙungiyarmu a Gombe. Na sayi filashi mai 128 GB a hannun mai tura baro, da araha sosai, na zuba hotunan tafiyarmu ta Tula da duk tsofaffin mujallunmu. Yau na buɗe, rabi ba sa buɗuwa. Na rasa yadda zan fuskanci mutane.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ba ke kika ɓata su ba, cutarki aka yi. Ki daina zuba komai a kai, ki nemi kowa ya duba wayarsa ya turo abin da ke gare shi, za ki yi mamakin yawan abin da zai dawo. Ki faɗa musu gaskiya a taro, babu wanda zai riƙe ki.

Amma bari in tsaya a nan, don wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Yadda ake haɗa irin wannan filashi shi ne, a ɗauki ƙarami mai 8 GB ko ƙasa da haka, a gyara shi ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa shi 128 ne. Kina zubawa yana karɓa, sunayen fayil duk suna nan reras, alhali cikinsa ya cika tuntuni, ko dai sabo yana hawa kan tsoho ko yana zubewa a banza. Haka ake yi da memorin waya. Gwajinsa ba wuya: ranar da kika saya, ki cika shi taf da bidiyo, ki cire, ki sa a wata kwamfutar, ki buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Idan mai shago ya ƙi yarda ki dawo da shi bayan gwaji, ya riga ya ba ki amsa, ki ƙara gaba. Kuma ko na gaske ne, kada abin ƙungiya ya zauna wuri ɗaya. Google Drive na ba da 15 GB kyauta, ya ishi mujallunku na shekaru. Ku buɗe da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙe kalmar sirri, ba sakatare kaɗai ba, don kada ranar da ya yi fushi ya tafi da tarihinku.

Jabun filashi hoto yake ci. Jabun batir rai yake ci, kuma ku masu shiga kogo ku ne abin ya fi shafa. Batirin nan dogo da ake sa wa fitilar goshi, mai lamba 18650, na gaskensa ƙarfinsa bai cika wuce 3,500 mAh ba (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), nauyinsa kuma wajen giram 45. Ku duba kasuwa, za ku ga an rubuta 9,900 a jikin wani da jan fenti. Ƙarya ce tsagwaronta, babu irinsa. Na taɓa sayen guda biyu a wani shago, ko awa ɗaya fitila ba ta yi ba ta koma ja ta mutu. Da na sa filaya na ɓare ɗaya, sai ga wani ɗan mitsitsin batir kamar kan yatsa an maƙala masa waya, sauran wurin an cika da gari don ya yi nauyi a hannu. A tsakar gida na yi wannan, da rana tsaka. Yanzu ku ɗauka a cikin kogo ne, an karya kwana sau biyu ko uku daga baki, inda duhun ko tafin hannunka ba ka gani, kuma waya ba ta da sabis. Shi ya sa masu wannan harka a ko'ina suka tsayar da ƙa'ida: kowane mutum fitila uku, kowace da nata batirin. Tocilar waya ba ta cikin lissafi. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutum zai tsaya ya yi cinikin shadda na rabin awa yana murza ta yana ɗaga ta a rana, amma abin da zai fito da shi daga ƙarƙashin dutse sai ya ce a ba shi mafi araha. Kuɗin da kuka tsira da shi daga fotokwafi, nan ya kamata ya tafi, kuma ku kunna kowace sabuwar fitila a gida har ta mutu, ku rubuta awa nawa ta yi, ku sa a mujallar kowa ya gani.

Tambaya: Ɗana ya shiga wannan ƙungiya ta shiga kogo. Da yana kawo mini takardarsu ƙanwarsa ta karanta mini, in ji inda suka je. Yanzu ya ce komai ya koma waya. Ni ba na barci idan ya tafi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, damuwarki tana kan hanya. Ki ce masa na ce ya buga miki taki, kuɗinta bai kai na katin da yake sa wa wayarsa a kwana biyu ba. Bayan haka, duk ranar da zai fita ya rubuta miki a takarda da hannunsa: inda za su, su nawa ne, lambar shugaban tafiya, da lokacin da za su fito. Ki ajiye a wurinki, kada ta zaga. Ki tambaye shi ko suna gaida mai gari su ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, da ko suna sa takunkumi inda jemagu suka yi yawa, don ƙurar kashinsu na iya sa ciwon huhu. Idan ya dawo da tari da zazzaɓi, ya gaya wa likita cewa kogo ya shiga. Da damina kuma ki hana shi, ruwa na iya cika rami ko da a can nesa aka yi shi. Allah ya tsare miki shi.

Tambaya: Mu sayi firinta tamu ta ƙungiya?

Amsa: Don kwafi goma a wata? A'a. Tawada za ta bushe, ƙurar hunturu ta shiga, ku koma zaryar wurin mai gyara. Ku sami shago ɗaya ku riƙe, ku yi ciniki na shekara, kuma a buga muku shafi ɗaya ku duba kafin a saki sauran.